Mantau da Keken Rabi

Ku yaran yanzu in kuka gan ni zaune a bayan fiyano sai ku ɗauka aikin danne-danne ne, wai kowa ma zai iya. Jiya wani ya shigo shagon nan da waya a hannu, ya latsa wani abu, ganga ta tashi, sarewa ta bi bayanta, ya dube ni yana murmushi ya ce, “Baba Sanusi, ai ga sana'arku nan gaba ɗaya a aljihuna.” Na nuna masa ƙyallen can mai furanni da ke rataye a bango, na tambaye shi ko ya san mene ne. Ya ce rigar matashin kai ce da ɓera ya huhhuda. To ku gyara zama, don na ga ku ma irin kallon da kuke yi masa ke nan.

Ni a hannun Oga Bitrus na koyi kiɗa. Mutumin Filato ne, malamin firamare a nan Gusau, shi ke buga wa cocinsu fiyano ranar Lahadi. A unguwar Damba katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Ranar da na je na ce ya koya mini, bai bar ni na taɓa fiyanon ba ko da ɗan yatsa. Katako ya samo, ya zana maɓallan a kai, farare da alli, baƙaƙe da gawayi, ya ce in je in yi ta bugawa. Damina guda na yi ina kiɗa a kan katakon da ba ya ƙara. Abin haushin, yana can gefe yana cin tuwonsa, sai ya ɗago kai ya ce na yi kuskure a hannun hagu. Katako fa! Da na yi gardama sai ya sa rula ya ƙwanƙwasa mini gaɓoɓin yatsu. Har yau in na danna ba daidai ba sai na ji wurin ya yi mini tsami.

Fiyanona na farko ɗan ƙarami ne na roba, mai aiki da batir, da gangarsa a ciki. Ka danna maɓalli ɗaya ganga ta kama tafiya da kanta, kai kuma ka bi ta da waƙa. Da shi na fara zuwa wunin biki. A lokacin ba a cikin mata nake zama ba. A zaure ko gindin bishiya a ƙofar gida ake shimfiɗa mini tabarma, a ja waya a kai lasifika cikin gida. Ba ka ganin masu rawa, da kunne kake auna su. In ka ji guɗa da ƙarar ƙafa, aiki na kyau. In ka ji an koma hira ana kiran a kawo cokali, to ka san kai kaɗai kake jin kiɗanka. Kuma matan ƙasar nan ba su taɓa yarda da gangar cikin fiyano ba. Wata tsohuwa a Nahuce ta fito har zaure da sandarta don kawai ta gaya mini cewa gangata ba ta magana, kamar ana daka turmi ba hatsi a ciki. Kalangu suke so, wanda zai kira sunan mutum har ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

Shekarar da abin ya cuɗe mini ita ce ta wahalar man fetur, wadda motoci ke yin layi har mutum ya manta kalar tasa. Masu biki suka rage kiran makaɗa, don duk wanda ya kira ka sai ya nemi man janareto wurin 'yan bumburutu. Ana cikin haka wata yarinya ta tuntsurar da kofin kunu a kan fiyanona a wani biki. Maɓallan tsakiya suka mutu, gangar ce kawai ta tsira. Sai ga wani saurayi kuma ya dawo daga Kano da ƙaton fiyano mai fitilu, ya fara kwashe mini bukukuwa. Abin da na tara kuwa, ko rabin sabo ba zai saya ba.

Rabi, mai ɗakina, ita ta kawo maganar da bakinta. Tana da keken ɗinki, baƙi mai zanen zinariya, wanda mahaifiyarta Inna ta saya mata lokacin aurenmu. Gyaɗar shekara guda da ragonta Inna ta sayar a Bungudu kafin keken nan ya samu, kuma duk zuwan da za ta yi gidanmu, kafin ta amsa gaisuwata sai ta shafa shi ta duba ko ana sa masa mai. Rabi ta ce a sayar da shi in sayi abin sana'a, amma da sharaɗi: ya dawo kafin azumi, don ɗinkin Sallah shi ne kakarta, kuma kada Inna ta ji. Maman Ladi, matar Oga Bitrus, ita ta saya. Ta ce za ta ajiye shi a ɗakinta har lokacin da za su tafi gida Kirsimeti. In mun kawo kuɗinta kafin nan, mu ɗauki abinmu, in ba mu kawo ba, ƙanwarta na can na jiran keke. A shekarar kuwa azumi da Kirsimeti kusan tare suka zo. Kun san kuma da an ga wata, biki ya tsaya cak, makaɗi ya rataye kayansa. Ke nan 'yan makonnin rububin aure na kafin azumi su ne kaɗai gare ni.

Muka tafi Sabon Gari ni da Oga Bitrus, shagon wani Oga Chidi mai kayan wuta na gwanjo. Ku riƙe wannan, don ko yau yana aiki: in kuɗinka kaɗan ne, kada ka kalli kyau. Ka danna kowane maɓalli, fari da baƙi, tun daga farko har ƙarshe. Ka juya bayansa ka sansana, in ka ji ƙauri ka ajiye. Sannan ka ɗaga shi ka girgiza. Akwai wani ƙato a shagon irin na saurayin Kano, da Chidi ya faɗi kuɗinsa sai da Oga Bitrus ya nemi kujera. Akwai na yara masu hoton agwagwa. Har mun juya za mu fita, na hango wani a ƙarƙashin tebur an ɗora masa tsohuwar fanka. Na ƙarfe ne, shuɗi, ba lasifika a jikinsa, ba ganga, sai 'yan abubuwan murɗawa birjik a samansa, waɗanda ni nake kira kunnuwa, don yadda kake murɗe kunnen yaro mara ji haka kake yi musu.

Chidi ya ce sunansa sintesaiza. Ya ce sabon yayi ne a Turai, ƙaramar kwamfuta ce a cikinsa, amma an ƙera shi ne don ya kwaikwayi muryar tsofaffin injinan kiɗa na da. Oga Bitrus ya ce ashe yaro ne mai kwaikwayon tarin tsofaffi. Muryoyin da ya zo da su daga ƙasarsu ba mai amfani ko ɗaya, daga kukan iska sai tashin jirgi sai wani abu kamar aljani na kurkurar baki. In kana son murya ta kirki, kai za ka haɗa ta da kanka, ka murɗa wannan kunne kaɗan, ka mayar da wancan baya. Na sansana, ba ƙauri. Na girgiza, sai na ji wani abu ƙil-ƙil-ƙil yana yawo a ciki. Chidi ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce, “Kwabon ɗan Bature ne ya faɗa ciki. Kyauta na bar maka shi.”

Aka haɗa shi da lasifika, na zauna a ƙasa na kama murɗe-murɗe. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka kira azahar. Akwai wani ɗan hannu a gefen hagu, in ka tura shi sai murya ta lanƙwasa ta hau, in ka sake ta sauko, daidai yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Na rage wani kunne, na ƙara wani, na buga ina tura hannun nan. Wallahi sai abu ya yi magana. Mai tsiren da ke tsallaken titi ya ajiye wuƙarsa, ya ɗago kai yana waige-waige, ya ƙwala kira yana tambayar wa ya kawo mai kalangu Sabon Gari. Nan take na san ba zan bar shagon nan ba tare da abin nan ba.

Chidi ya nuna mini inda ake dannawa a adana murya. Na adana kalanguna, na shiga neman sarewa. Ina cikin nema aka ɗauke wuta. Da aka tada janareto na koma inda na ajiye kalangu, wayam, sai aljanin nan mai kurkurar baki. Na dubi Chidi, Chidi ya dubi rufin shago. Sai da Oga Bitrus ya tsare shi da irin kallon da yake yi wa 'yan aji uku sannan ya faɗi gaskiya: coci uku sun saya sun dawo da shi. Duk abin da ka adana, da wuta ta ɗauke ya manta. Abin da kawai yake riƙewa shi ne yadda ka bar kunnuwan a tsaye. A garin da ake ɗauke wuta kafin ka gama alwala, wa zai sayi wannan? Ni na saya. Mantuwar nan ce ta sauko da kuɗinsa daidai aljihuna, har da canjin da ya ishe ni tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Oga Bitrus ya yi ta girgiza kai har gida, yana cewa bai taɓa ganin wanda ya sayi cuta da saninsa ba.

Da na ba Rabi labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta raɗa masa suna Mantau. Na ajiye shi a kusurwar da kekenta yake a da. Na sake zama na lalubo kalangun nan da ƙyar, na bar kowane kunne a inda ya tsaya, wannan ya kalli gabas, wancan ya sunkuya, wani ya kwanta. Dabarata ita ce ɗan tsohon fiyanona ya riƙe ganga, Mantau ya yi magana a kai. Na lulluɓe shi da bargo. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne halin Rabi. Mace ce da ko cokulanta sai sun kalli wuri ɗaya. In ka cire takalmi a ƙofar ɗaki, kafin ka zauna ta daidaita musu baki. Kwanonin jerenta kuwa, ko da zare ka auna ba za ka sami wanda ya fita layi ba.

Aikin farko da na samu na wani babban mahauci ne, Alhaji Mudi, a 'Yandoto kusa da Tsafe, yana aurar da ɗiyarsa. Kun san kalangu kiɗan mahauta ne, ba wanda ya kai su saninsa. Ni kuma na riga na cika baki a kasuwa cewa na samo injin da ke kiɗan kalangu fiye da mai kalangu. Labari ya riga ni isa. Da na sauka daga mota na tarar ba mata kaɗai ba, mahautan Tsafe kaf sun rufe rumfunansu sun zo kallo, sun zagaye tabarmata. Na haɗa wayoyi a tsanake, ina ɗan ɗaga kafaɗa. Na yaye bargo.

Kunnuwan nan duka suna tsaye cir, kowanne ya kalli sama, kamar sojoji a fareti. Sai ƙyalli suke, an goge su tas.

Na san kalangu ya tafi, amma na ce bari in gwada ko Allah zai rufa asiri. Na danna. Wata 'yar siririyar ƙara ta fito, tiiii, irin ta sauro a kunne. Na murɗa wani kunne, ya koma kwaɗo. Na murɗa wani, sai jiniyar motar asibiti, har mutanen da ke bakin hanya suka dare suna ba da wuri. Na kama murɗawa da hannu bibbiyu, abu ya yi wani dogon kuka mai shiga da fita, jakin da ke ɗaure a bayan gida ya amsa masa. Mahauta suka fashe, wani har da kwanciya a ƙasa. Daga cikin gida na ji wata mata na tambaya ko lasifikar ce aljanu suka shiga. Alhaji Mudi ya matso, ya sunkuya ya leƙa Mantau, ya leƙa fuskata, ya ce cikin natsuwa, “Malam Sanusi, wanga shi ne kalangun?”

Aka tura babur ƙauye aka ɗauko mai kalangu na gaske, wani tsoho, ya yi musu kiɗa har la'asar. Ni kuwa Alhaji Mudi, mutumin kirki, ya sa aka ƙunsa mini kan akuya a takardar siminti, wai kada in koma hannu wofi. Haka na shiga mota, Mantau a cinya, kan akuya a ƙafa, direba na waiwayowa yana yi mini jiniya da baki.

Na shiga gida raina a ɓace. Rabi ta tare ni da fara'a, tun kafin in buɗe baki ta ce, “Baban Nafi, ka ga yadda na gyara maka abinka? Duk sun karkace, kowanne na kallon gabansa kamar 'ya'yan da ba su da uwa.” Na buɗe baki zan yi faɗa, sai idona ya sauka a kusurwar nan. Ga sawun ƙafafun kekenta guda huɗu a daɓen ɗaki, sun lotsa, ko shara ba ta share su ba. Na fasa faɗan. Kunya ce ta kama ni, da tsoro, don na san azumi na matsowa. Na miƙa mata kan akuya na zauna na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon Mantau. Sannan ta ce ita ba ta ga amfanin abin da sai an bar shi a hargitse yake aiki ba, amma tunda haka Allah ya yi shi, in tashi in nemo muryoyin, ita ta san abin da za ta yi.

Ta ɗauko ragowar farin yadi daga cikin adakarta, ta shimfiɗa a kan Mantau, ta sa gawayi ta ɗiga alama a kan kowane kunne. Ta yanke huji-huji, ta bi bakin kowane huji da allura kamar gidan maɓallin riga, yadda in an ɗora ƙyallen kunnuwan za su leƙo ta ciki. Ni ina gefe ina lalube. Ranar da kalangu ya dawo, ta hana ni motsi, ta ɗauki jan zare ta yi ɗan layi a gefen kowane kunne, daidai inda bakinsa ya nuna. Da na samo sarewa ta sa kore. Algaita ta sami ruwan ɗorawa, goge ya sami shuɗi. In ina son kalangu sai in mayar da kowane kunne kan ja, shi ke nan, ko Mantau ya manta ƙyalle bai manta ba. Amma Rabi ba za ta iya ganin layuka tsirara haka ba, wai kamar sawun kaji. Sai ta mayar da kowane layi ganyen fure, ta cike shi da zare, ta zagaye bakin yadin da reshe da 'yan ganyaye. Duk da hannu, yatsunta har sun yi kanta. Na ce mata abin aiki ne ba kayan ɗakin amarya ba. Ta ce in ba na so in ba ta abinta ta sa wa matashi.

Sai dai labarin 'Yandoto ya riga ya zaga. Waɗanda suka yi mini alkawarin biki suka fara aiko da uzuri, wannan ya ce an ɗaga, wancan ya ce tsohuwarsu ba ta son hayaniya, alhali ina jin fiyanon saurayin Kano na tashi daga gidajensu. Na leƙa gidan Oga Bitrus wata rana na tarar Maman Ladi ta samo kwali da igiya ta ajiye kusa da keken. Biki ɗaya tak ya rage mini, na ƙarshe kafin a ga wata, kuma a Bungudu, unguwar su Inna. Dangin Rabi ne, sun kira ni don ni suruki ne, kuma don sun san ba zan yi tsada ba. Ko sun biya ni da hannu biyu, kuɗin ba zai fanshi keken ba. Na sani, Rabi ma ta sani. Ta ƙi zuwa bikin, ta ce ciwon kai, amma ni na san idon Inna take gudu.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, mata na ciki bayan zana. Na ɗora ƙyalle, na mayar da kowane kunne kan ja, na yi bisimilla na buga. Kalangu ya kira sunan uwar amarya sarai. Sai guɗa ta tashi a ciki, ƙasa ta ɗauki rawa har ina jin ta a tabarma. Na juya kan kore na ba su sarewa, na dawo ja. Daɗi ya kama ni, na ce yau dai na wanke sunana. Muna tsaka da haka janareto ya yi tari ya mutu, don man da aka sayo rabinsa kananzir ne.

Mata suka gaji da jira suka fara fitowa su ga abin da ya faru. Ta farkon da ta iso ba ta ko dube ni ba, ƙyallen ta kama da yatsu biyu tana juyawa. Ta kira wata, wata ta kira wata. Kafin a wanke fulogin janareto an yi mini rumfa da mayafai, ana ta tambaya wa ya yi wannan aiki, a Kano aka sayo ko daga Makka aka kawo. Ina ƙoƙarin nuna musu yadda injin ke kwaikwayon kalangu, wata ta ture mini hannu wai ina tare mata fure. Sai na ga sun buɗa hanya. Inna ce. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta ɗaga gefen ƙyallen ta duba bayansa, inda ake ƙulle zare.

“Wanga hannun Rabi na,” in ji ta. “Ko cikin duhu na san ɗinkin ɗiyata.” Ta bi bakin yadin da farce har ƙarshe, inda kowace mai keke za ta bi da keke ta huta. Ta ɗago ta dube ni. “Har kalmasa da hannu? Ina kekenta?”

Allah ya taimake ni, a daidai nan janareto ya tashi. Na duƙa na narka kiɗa da ƙarfin da ban taɓa yi ba, kaina a ƙasa kamar mai neman allura. Amma mata ba su koma ciki ba, nan suka tsaya. Ta wutsiyar ido ina ganin Inna ta ja kujera ta zauna a gefen Mantau kamar mai shago. Duk wadda ta matso sai ta ce mata ɗiyarta ce ta yi, tana Gusau, tana yin zanen gado da rigar matashi da marufin kwano irin wannan, amma aiki ya yi mata yawa, wadda ba ta ba da kafin alƙalami yau ba sai bayan Sallah. Ƙarya take shararawa ba ko tuntuɓe, Rabi ba ta da aikin kowa a hannu. Uwar amarya ta ce tana son zanen gado mai furen fiyano, sak irin wannan, har da hujojin in da hali. Na ga ana kwance bakin zane ana miƙa wa Inna, tana ƙullewa a gefen mayafinta. Ni da na yi kiɗa tun azahar, abin da aka liƙa mini bai fi kuɗin mota ba. Ƙyalle aka yi wa liƙi.

Da aka tashi, ina naɗe wayoyi, Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta kwance ƙullin mayafinta ta ajiye a kan Mantau. Ta ce wannan na Rabi ne, ba nawa ba, in haɗa da abin da na samu. Ba ta tambaye ni wa aka sayar wa ba, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, “Keken nan ya sha ruwan azumin farko a ɗakinta.” Ta juya, sannan ta waiwayo ta ƙara da cewa kalangun nawa ba laifi, amma algaitar kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Ranar da aka ɗauki azumin farko, da hantsi, ni da Oga Bitrus muka ɗauko keken daga ɗakin Maman Ladi. Har ta riga ta ɗaure shi a kwali, sai da muka kwance igiya. Muka zagayo da shi ta ƙofar gida muna nishi, yana cewa in bi a hankali kada azumi ya kayar da ni a ɗora masa laifi. Rabi ta hana mu ajiyewa sai da ta durƙusa ta daidaita kowace ƙafa a cikin sawunta na da. Mantau aka mayar da shi ƙarƙashin gado. Wannan azumin ba ta huta ba, ga ɗinkin Sallah ga furen fiyano na matan Bungudu, ni kuma da ba ni da biki na zama mai kai kaya tasha.

Da ƙyallen nan na ci gaba da sana'a, bukukuwa suka dawo, daga baya na shiga yi wa 'yan kasuwa kiɗan talla a rediyo. Sai bayan Babbar Sallah wani maɓalli ya maƙale, na kai Mantau wurin Malam Iro mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Yana buɗe cikinsa wani abu ya gangaro ƙil-ƙil ya faɗo kan tebur. Na ce ai kwabon ɗan Bature ne. Malam Iro ya ɗaga shi ya duba, ya ce wane irin kwabo, batir ne irin na agogo, shi ke riƙe wa injin tunaninsa, ya suɓuce ne daga gurbinsa. Ya sa sabo ya danna da babban yatsa. Ko kuɗin aiki bai karɓa ba, goro na ba shi. Muka adana kalangu, muka kashe, muka kunna, ga kalangu nan daram. Coci uku, da Chidi, da Oga Bitrus, da ni, da jakin 'Yandoto, duk a kan abin da bai kai maɓallin riga nauyi ba.

Na taho gida da saurina, tun daga zaure nake kiran Rabi. Na same ta a kan keke tana taka shi, zare a baki. Na ce mata albishirinta, Mantau ya warke, yanzu ba abin da yake mantawa. Ba ta ko tsayar da ƙafarta ba. Ta cire zaren daga baki ta ce, “Madalla. Saura a samo wa mai shi irin batirin. Ina gishirin da na aike ka?”

Gishirin kam na manta shi. Ƙyallen kuma ban daina ɗora shi ba har ranar da Mantau ya mutu gaba ɗaya. Ga shi can a bango, kada wanda ya taɓa mini shi da hannun maiƙo.